Awa talatin kyauta, in ji su

Ina cikin bas na taso daga aiki, ƙafafuna kamar ba a jikina suke ba, takardar kuɗin gidan reno ta watan Satumba ta shigo wayata. Da murmushi na buɗe ta. A zuciyata na riga na gama rabon kuɗin da za su rage mana: kaso ɗaya na gyaran rufin ɗakin Inna a Zariya, kaso ɗaya na tikitin zuwa gida. Sai na ga fam 536. Na rufe, na sake buɗewa, wai ko takardar wani aka turo min. Sunan Autana ne a sama, da ranar haihuwarsa, babu kuskure ko ɗaya.

Ga waɗanda ba a Ingila suke ba, bari in ɗan warware zancen. Duk yaron da ya kai shekara uku zuwa huɗu a nan, gwamnati na biya masa awa 15 a mako a gidan reno, ko 'ya'yan wa ne. Tun 2017 aka mayar da ita awa 30 ga iyayen da ke aiki. A kasafin kuɗin Maris 2023 Jeremy Hunt, ministan kuɗi na lokacin, ya yi alkawarin faɗaɗa abin har ya kai ga jarirai, aka kuma yi shi daki-daki: Afrilu 2024 'yan shekara biyu suka samu awa 15, Satumba 2024 aka sauko har ɗan wata tara, sai Satumba 2025 kowa daga wata tara ya samu awa 30. Sharaɗin shi ne uba da uwa kowa yana samun aƙalla kuɗin aikin awa 16 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, wato wajen fam 195 a 2025, kuma babu wanda samunsa ya wuce fam 100,000 a shekara. Na biyun bai taɓa hana mu barci ba.

Akwai wani sharaɗin da ba a cika faɗa a rediyo ba, shi ne ya fi shafar irinmu. In kana kan bizar aiki, wadda aka rubuta mata cewa ba ka da rabo a tallafin gwamnati, to awa 30 ɗin nan ba taka ba ce, ko da kuwa kana biyan haraji kamar kowa. Ni a 2020 na zo aikin jinya. Babbar 'yata awa 15 ɗin nan ta kowa da kowa kawai ta samu, ita ma sai da ta cika uku. Kafin nan ni da Abban yara karɓa-karɓa muka yi, ina shigowa daga aikin dare yana fita, wani lokaci a bakin ƙofa muke gaisawa kamar maƙwabta. Sai a 2025 na samu takardar zama ta dindindin. A makon na cike fom ɗin gwamnati, aka ba ni lambar shaidar cancanta mai alƙaluma 11, na kai gidan reno tun kafin wa'adin 31 ga Agusta. Har tukuicin cincin na yi wa ƙawayena a wurin aiki.

Lissafina mai sauƙi ne, irin na wadda ta gaji. Kwana uku nake aiki a mako, kowanne doguwar rana ce daga safe har bayan isha'i. Awa 30 a raba gida uku, goma-goma ke nan. Shi ke nan, an gama, in ji ni.

Ashe awa 30 ɗin ta makonni 38 ce kawai a shekara, wato lokacin da makarantu ke buɗe. Jimilla awa 1,140. Asibiti kuwa bai san hutun zango ba, marar lafiya ba ya warkewa don an rufe makaranta. Gidan renonmu yana buɗe makonni 51, sai su ɗauki awa 1,140 ɗin su miƙe ta a kan shekara kamar ana jan roba, ta koma awa 22 a mako. Ranarsu daga bakwai da rabi na safe ce zuwa shida na yamma, awa goma da rabi. Kwana uku, awa 31 da rabi. A cire 22, saura tara da rabi, kowacce a kan fam tara da rabi. A ƙasan wannan kuma akwai wani layi guda, an rubuta masa wata kalma da ke nufin kayan amfanin yau da kullum, fam 12 a kowace rana. Babu bayanin mene ne kayan.

A nan dole in faɗi laifina. Duk wannan yana cikin yarjejeniyar da na sa wa hannu a watan Yuli. Shafi goma sha huɗu ce, na sa hannu a tsaye, Auta na jan gyalena, ina duba agogo. Abban yara da na nuna masa cewa ya yi, "Ke da kike karanta takardar magani har ƙananan rubutun da ke gefe?" Ban kula shi ba.

Na nemi ganin manajar. Ofishinta wani ɗan lungu ne tsakanin kicin da ɗakin canza famfas, kujera biyu ba sa shiga sai an tura ƙofa. Mace ce da ta manyanta, ta shekara fiye da ashirin a harkar, tana da irin fara'ar nan ta mutanen nan wadda ba ka sanin ko maraba ake maka ko sallamarka ake yi. Na fara da maganar kwanaki, don ita ta fi damuna. Jadawalin aikina yana canzawa, wannan makon Litinin da Talata da Juma'a, na gaba kuma daban. Na ce tunda awoyin na ɗana ne, gwamnati ta ba shi, me zai hana in riƙa kawo shi ranakun da nake aiki?

Ta jawo wata takarda mai layi-layi ta ajiye a gabana. Ɗakin 'yan shekara biyu, ta ce, doka ta ce ma'aikaciya ɗaya ga yara biyar. Da can huɗu ne, a Satumba 2023 aka mayar da shi biyar. Ɗakin jarirai ɗaya ga uku. Ɗakin Auta yara goma sha biyar ne, ma'aikata uku. In na kawo shi ranar da ba tasa ba ya zama na sha shida, dole ta nemo mutum na huɗu ta biya shi yini guda saboda yaro ɗaya. In kuma ban kawo shi ranar tasa ba, ma'aikata ukun nan suna nan, albashinsu na tafiya. Ta ce, "Ba awa nake sayarwa ba, gurbi nake sayarwa."

Na koma gida na karanta ƙa'idar Ma'aikatar Ilimi da kaina, wannan karon har ƙananan rubutun. A kan kwanaki ba ni da ta cewa. Ƙa'idar ta ce kada zama ɗaya ya wuce awa goma, kada ya fara kafin shida na safe ko ya wuce takwas na dare, amma ba ta tilasta wa gidan reno ya ba ka ranakun da kake so ba. Suna iya cewa ga tsarinmu, in bai yi maka ba ga ƙofa. Ƙofar kuwa ina za ta kai ni? Gidajen reno biyu da na kira a unguwarmu duk sun ce in rubuta suna in jira. Don haka ni na je wurin shugabar sashenmu na roƙa a tsayar min da Litinin da Laraba da Alhamis, na biya da karɓar Asabar biyu a kowane wata. An ce taimakon ma'aikata aka zo yi, sai ga shi aikin ne ya tanƙwara ya bi gidan reno.

A kan fam 12 ɗin nan kuwa ƙa'idar tana bayana. Tun 1 ga Afrilu 2025 an fito da ita ƙarara: ana iya cajin iyaye kuɗin abinci, da famfas, da wasu darussa na ƙari, amma sai in sun yarda. Ba a mayar da shi sharaɗin samun gurbi, kuma ba a ɗora wa iyaye cikon abin da gwamnati ta gaza biya. Wanda ba zai biya ba sai a ba shi wata hanya, kamar ya kawo nasa daga gida. Kafin nan ma, a Fabrairu 2025, Babbar Kotu ta yanke hukunci a shari'ar da ƙaramar hukumar Bournemouth, Christchurch da Poole ta kai ofishin sauraron koke-koken jama'a a kan ƙananan hukumomi, kotun ta goyi bayan ofishin cewa awoyin kyauta dole su zama kyauta, ba a liƙa musu kuɗin dole.

Wani uba ne ya fara jefa labarin hukuncin a zauren WhatsApp na iyayen ɗakin, sai wuri ya kama da wuta. Cikin dare ɗaya saƙo ya fi ɗari. Ɓangare ɗaya na cewa yaudara ce, a haɗu a rubuta wa ƙaramar hukuma. Ɗaya ɓangaren na cewa ku yi a hankali, gidan renon da ke bayan gidan mai ya rufe bara, in wannan ma ya rufe wa zai riƙe muku yaran, alƙalin? Wata uwa ta rubuta cewa ita fam 12 bai kai kuɗin kofin da take sha a rana ba. Wata ta mayar mata da cewa to ta biya wa kowa. Ni dai ban tofa ba, karantawa nake ina ninke wanki, amma zuciyata tana tare da masu cewa a rubuta.

Da na koma wurin manajar karo na biyu na tafi da takardun a buge. Ban ɗaga murya ba, mun iya wannan a wurin aiki. Na ce a fasa min fam 12 ɗin in ga abin da ke ciki. Ta fasa: bakwai abinci, biyu famfas da tsumman goge jiki da man shafawa, uku darussan ƙari. Darussan su ne wani mai kiɗa da ke zuwa ranar Alhamis da 'yan ganguna, da wata da ke koya wa yara miƙe jiki da numfashi. Ɗan shekara biyu, wanda ba ya zama wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido, wai ana koya masa numfashi. Da na ba Inna labari a waya dariya ta yi har da tari, ta ce, "Ke 'yar nan, da can ba ya numfashin ne?" Ita har yau ba ta gane yadda ake biyan kuɗi don a riƙe yaro ba. Mu tara ta haifa, kuma ba ta taɓa rasa bayan da za a goya ɗayanmu ba, ga kaka, ga goggo, ga 'yan matan gida.

Abincin shi ya fi ci min rai. Naman da suke dafawa ba yankan Musulmi ba ne, don haka tun farko na rubuta cewa Auta abincin marasa cin nama za a ba shi. Taliya da cuku, dankali da wake, yau da gobe. Kuɗin kuwa ɗaya da na mai cin kaza. Na ce zan riƙa haɗo masa daga gida. Ta yi shiru, sannan ta ce akwai yarinya a ɗakin da ko ɓurɓushin gyaɗa ya shiga bakinta sai an kira motar asibiti. A nan jikina ya yi sanyi, don na san abin, na taɓa karɓar irinsu a wurin aiki, na ga yadda maƙogwaro ke toshewa cikin minti kaɗan. Kuma na san kicin ɗina. Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yajin da Inna ke aiko min, kusan komai nawa ya gaisa da gyaɗa. Muka yi yarjejeniya: kwano rufaffe da sunansa, babu gyaɗa, babu abin da sai an ɗumama, in akwai inabi a tsaga shi ta tsawo.

Sati biyu abin ya yi. Nakan tashi biyar saura in dafa masa 'yar shinkafa da karas a tukunyar da na ware, da cokalin da na ware. Kwanon yana dawowa kamar yadda ya tafi. Yarinyar da ke kula da shi ta ce min yana ture nasa ya miƙa hannu ga farantin na kusa da shi, in aka hana shi ya kifa kai a tebur. Ran da na je ɗaukarsa da wuri na leƙa ta gilashin ƙofa lokacin cin abincin la'asar. Yara goma sha huɗu da farantai iri ɗaya masu ruwan ɗorawa, nawa shi kaɗai da kwanon roba shuɗi a gabansa, ya harɗe hannu, ya turo baki irin na ubansa. Washegari na ce a mayar da fam bakwai ɗin.

Na tsaya a kan sauran biyar. Famfas ina kai nawa, kiɗa da numfashi kuma na ce a ɗauke min. Fam 15 a mako ya dawo aljihuna, na ji kamar na ci wani yaƙi.

A zaman nan na biyu manajar ta faɗi wasu abubuwa da ban so ji ba a lokacin. Kuɗin daga Ma'aikatar Ilimi suke zuwa ƙaramar hukuma, ita kuma ta biya gidan reno a kan kowace awa. Na jarirai da ɗan kauri, na 'yan shekara biyu ba laifi, amma da yaro ya cika uku sai kuɗin ya faɗo zuwa wajen fam shida a awa. Ta ce a watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga fam 11.44 zuwa 12.21, harajin da mai ɗaukar ma'aikata ke biya a kan kowane ma'aikaci ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin ɗari, kuma aka sauko da albashin da harajin yake farawa a kai daga fam 9,100 a shekara zuwa 5,000. Na duba daga baya, duk haka ne. Da can iyaye masu biya daga aljihu su ke cike giɓin. Yanzu da aka ba kusan kowa awa 30, gwamnati ta zama babbar mai saye, ita ke yanka farashi, ita kuma ke shelar cewa kyauta ne. "Da sun ce rangwame," in ji ta, "da ba ki shigo nan da takardu ba." Ban ba ta amsa ba, amma gaskiya ta faɗa. Da rangwame aka ce min, da fam 536 ya zo min a matsayin sauƙi, don ba tare da awoyin ba abin ya haura dubu. Kalmar kyauta ce ta sa na ji an yi min sata.

Duk da haka ban wanke ta tas ba. Layi ɗaya marar bayani, da barin iyaye su ɗauka dole ne alhali ba dole ba ne, wannan ba gwamnati ce ta rubuta mata ba. Kuma fam ɗaya a kan kowane minti in ka makara bayan shida, wanda Abban yara ya biya sau biyu saboda cunkoso, shi ma nata ne.

Wata Alhamis cikin Nuwamba aka soke min aiki, na je ɗaukar Auta da hantsi. Tun daga farfajiya nake jin kiɗa. Na leƙa, sai ga shi a tsakiyar da'ira da 'yar ganga tsakanin cinyoyinsa, yana dukanta da hannu biyu kamar wanda aka haifa a gidan makaɗa. Yarinyar da ke kula da shi ta gan ni, fuskarta ta yi ja. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, kullum da tabon fenti a rigarta. Ta matso ta ce min a hankali ba za ta iya fitar da shi ba, duk sanda mai kiɗan ya shigo shi ne na farko a bakin ƙofa. Na ce ba komai. A hanya ina tura kekensa ina jin wata irin kunya, kamar wadda aka kama tana cin tuwon biki ba ta yi gudummawa ba. Ban dai koma na ce a mayar da fam ukun ba. In faɗi gaskiya, na yi niyya sau biyu, sai in tuna rufin Inna.

A Janairu 2026 sabon tsarin takardar kuɗi ya fara aiki, wanda gwamnati ta ce dole a rarrabe komai: ga awoyin gwamnati da sifili a gabansu, ga awoyin da ka saya, ga abinci, ga sauran. Takardar ta fito tsaf, ko makaho ya shafa zai gane. Tare da ita aka haɗo wasiƙa. Saboda tsadar gudanarwa, awar da iyaye ke saya ta tashi daga fam tara da rabi zuwa goma da rabi. Awa tara da rabi nake saya a mako, don haka cikin fam 15 da na ƙwato, tara da rabi sun koma inda suka fito. Saura biyar da rabi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Abin da ke ɗan rage mana zafi shi ne asusun nan na gwamnati da in ka zuba fam takwas ta ƙara maka biyu, har zuwa fam 500 a wata uku.

Akwai wata 'yar'uwa 'yar Katsina da muke haɗuwa a bakin ƙofar gidan renon ranar Laraba. Gidan kula da tsofaffi take aiki, ita da mijinta duk a kan biza suke, shekararsu ta uku ke nan. 'Yarta wata goma sha takwas, tana ɗakin jarirai, ba ta da awa ko ɗaya ta gwamnati, ba kuma ta da asusun ƙarin fam biyun. Kuɗin yini cikakke take biya, kwana uku a mako. A wasiƙar nan ta Janairu yininta ya tashi daga fam 88 zuwa 95.

Larabar da ta wuce muka fito tare, ana yayyafi, kowa na fama da rufin keken ɗansa. Ta ce, "Yaya, kin ga takardar nan kuwa? Fam 21 a sati suka ƙara min." Na ce na gani. Ta ce wai ta ji wasu iyaye ne suka tayar da rigima a kan kuɗin abinci da na kiɗa, shi ya sa aka juyo da shi ta nan. "Su da aka ba su awa talatin," ta ce, "me kuma suke nema?"

Na sunkuya ina gyara wa Auta hularsa, wadda ba abin da ya same ta. Bas ɗinta ya zo kafin nawa, na taya ta ɗaga keken ta hau.